Tsiryar Landan: Tsuntsuwar da Aka Ƙi Rubutawa Har Ta Zama 'Yar Gari

Idan magariba ta kawo jiki a maƙabartar Hither Green da ke kudu maso gabashin Landan, kunne ne ke fara samun labari kafin ido. Wani kuka mai kaifi zai keto daga sama, kafin ka ɗaga kai garke ya shuɗe, kore shar, kowace da doguwar jela kamar an ja ta da zare. Biyar, ashirin, ɗari, haka za su yi ta kwararowa ta kowace kusurwa har dogayen itatuwan wurin su cika. 'Yan unguwa sun saba, wasu ko ɗaga kai ba sa yi. Amma Bahaushen da ya taso a garin da ake noman dawa, in ya tsaya a nan, ba sai an gaya masa sunanta ba. Tsirya ce. Ita ce dai wadda ke sauka kan zangarniya ana korarta da gwangwani, ita ce kuma wadda ake gani cikin ɗan kejin waya a bakin kasuwa.

Tsirya 'yar ƙasashe masu zafi ce. A Afirka mazauninta ya miƙe tun daga Senegal, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da Chadi da Sudan har Habasha. A Asiya tana Indiya da Pakistan da Nepal da Sri Lanka. Ba ta yin ƙaura irin ta shamuwa, saboda haka babu hanyar da fiffikenta zai kai ta Ingila. Duk wadda ke shawagi a Landan yau, kakanninta cikin keji suka shiga ƙasar, kuma babu masanin da ke musun wannan. Abin da ya ja ni ga lamarin shi ne abin da ya faru tsakanin ƙofar kejin da wannan garke na dubbai. Shekara da shekaru tsuntsuwar tana yawo a gaban mutanen da da wuya a sami al'ummar da ta fi su son rubuta sunan tsuntsu a littafi, amma kaɗan ne daga cikinsu suka ga ta cancanci tawada. Da aka farga ana neman asalinta, sai aka tarar ji-ta-ji-ta ta riga ta cike gurbin.

Yadda ake yi wa tsuntsu rajista

Sai an fahimci tsarin Birtaniya kafin a gane dalilin wannan sakaci. Akwai ƙungiyar masana tsuntsaye ta ƙasar da aka kafa a 1858, wadda ake taƙaita sunanta da BOU. Ita ke riƙe da rajistar tsuntsayen Birtaniya, wadda yanzu ta haura nau'i 600. Akwai kuma kwamitin tantance baƙin tsuntsaye, BBRC, da aka kafa a 1959, mai alƙalai goma masu jefa ƙuri'a. Idan mutum ya ce ya ga baƙon tsuntsun da ba a saba gani ba, maganar baki ba ta isa. Sai ya rubuto ranar da wurin, nisan da ke tsakaninsu, yanayin haske, launin baki da ƙafa, irin kukan da ya ji, da hoto in ya samu. Kwamiti ya duba, ko ya karɓa ko ya ce hujja ba ta cika ba. Cewa hujja ba ta cika ba kuwa ba ƙaryata mutum ba ne. Mai gaskiya ma yakan ga tsuntsu na ɗan daƙiƙu cikin hazo, zuciyarsa ta ƙarasa masa abin da idonsa bai gani ba.

Tambayoyi biyu ne kullum. Ta farko: shin tsuntsun nan shi ne wanda aka ce? Ta biyu ta fi wuya: da ƙafarsa ya zo ko daga keji ya kuɓuce? Misali na kusa da mu zai fayyace. Aku tsuntsun kurmi ne, gidansa dazuzzukan kudu masu ruwa. In ka gan shi kan darbejiya a tsakiyar Kano, ba ka yi kuskuren gani ba, akun ne, amma ka san wani gida a unguwar na can ana cigiya. Tambaya ta farko ta amsu, ta biyu kuma ta hana a ce aku tsuntsun Kano ne.

Don haka aka kasa rajistar rukuni-rukuni. Rukunin A na waɗanda aka gani sun zo da kansu ne daga ranar 1 ga Janairun 1950 zuwa yau. B na waɗanda aka gani tsakanin 1800 da 1949 amma ba a sake gani ba. C na waɗanda mutum ya kawo, suka hayayyafa a daji har suka tsaya da ƙafafunsu. D na waɗanda ake kokwanto, wataƙila da kansu suka zo, wataƙila kuɓutattu ne. E kuwa na kuɓutattun keji ne zalla. D da E ba a ƙirga su cikin rajistar ƙasa, kuma a nan gizo ke saƙa. Mai kallon tsuntsaye a Birtaniya yana da nasa lissafin na kansa, yana alfahari da adadin nau'in da ya gani a rayuwarsa, yakan tuƙa mota dare guda cur don tsuntsu ɗaya. Tsuntsun da ba ya cikin rajista ba ya ƙara masa ko ɗaya a lissafi. To me zai sa ya ɓata shafi a kansa?

Alamomin da ake dubawa don gane ɗan keji sanannu ne a wurin masu harkar. Zobe a ƙafa irin na masu kiwo. Gashin jela da na fiffike da ya tsattsage saboda gogar waya. Farata da suka yi tsawo fiye da kima don ba su saba kama reshe ba. Rashin tsoron mutum. Launin da babu shi a daji, kamar shuɗiyar tsirya ko rawaya, waɗanda masu kiwo ke fitarwa ta hanyar zaɓen iri. Sannan a dubi wuri da lokaci: ƙaramin tsuntsun bana da aka gani a tsibirin Fair Isle ko tsibiran Scilly, can gefen tekun Birtaniya, a watan Oktoba, bayan iska mai ƙarfi, ya fi kama da wanda ya ɓata hanyar ƙaura fiye da babban tsuntsun da aka gani a tafkin shaƙatawa na tsakiyar gari yana karɓar burodi a hannu. Duk da haka babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke yanke hukunci shi kaɗai. Ɗan keji yakan sake gashi ya fito tsaf, na daji kuma in yunwa ta ci shi yakan sauka kusa da mutane.

Wani lokaci hukunci kan ɗauki fiye da ƙarni. Akwai wata ƙaramar agwagwa da ke haihuwa a gabashin Siberiya, tana cin sanyi a Koriya da Japan da Sin, ana kiranta da sunan tafkin Baikal. Saboda kyanta masu kiwo suna ajiye ta, shi ya sa duk wadda aka gani a Birtaniya sai a ce ai daga wani lambu ta fito. A Janairun 1906 an harbe guda a Tillingham da ke Essex, aka cusa fatar aka ajiye a gidan tarihi. Bayan shekara ɗari masana suka ɗebi gashinta suka auna nau'in haidurojin da ke ciki, wato wani sinadari da ke cikin ruwa, domin gashin tsuntsu na ɗauke da tambarin ruwan saman ƙasar da ya tsiro. Gashin ƙuruciyarta ya nuna can gabas mai nisa, wanda ya fito daga baya ya nuna yammacin Turai. A 2009 aka shigar da nau'in cikin rajista. Da wanda ya harbe ta ya fige ta ya sa a tukunya, ko kuma bai rubuta rana da wuri ba, da babu abin da za a auna.

Sawun tsirya a Ingila

Tsirya ba ta taɓa samun irin wannan kulawa ba, domin babu wanda ya taɓa zaton da kanta ta zo. Tun ranar farko an yanke mata hukunci, kuma hukuncin daidai ne. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa tunda an san daga inda ta fito, babu sauran abin sani game da ita.

Abin da aka tsinta daga baya tsinte-tsinte ne. An ba da labarin ta yi sheƙa a waje a Northrepps da ke Norfolk a 1855, inda wani attajiri ke sakin tsuntsayen dangin aku su yi yawo a lambunsa. An gan ta a Dulwich a 1893, da Brixton a 1894, duka a kudancin Landan. An ga wani ɗan garke a dajin Epping a 1930. Babu ɗayan waɗannan da ya ɗore. Sai a 1969 aka ga iyaye da 'ya'ya tare a Kent, kusa da Gravesend, a 1971 kuma aka tabbatar da sheƙa a gefen kudancin Landan. Cikin shekarun 1970 ƙananan garke suka ɓullo nan da can: yammacin Landan ta bakin kogin Thames, kudu maso gabashin birnin, da yankin Thanet wajen Margate da Ramsgate a bakin teku.

A 1983 BOU ta miƙa wuya, ta saka tsirya a rukunin C. Lokacin ana kiyasin ba ta wuce 500 ba a ƙasar duka. Daga nan ne aka fara ƙirga ta da gaske, kuma hanyar ƙirgar mai sauƙi ce saboda halinta na kwana a taro: a tura mutane kowane makwanci a yammaci ɗaya, su ƙirga masu shigowa. A 1996 an sami kusan 1,500. A farkon shekarun 2000 ta kusa 6,000. Makwanci ɗaya tak, dogayen itatuwan da ke gefen filin wasan rugbi na Esher a Surrey, ya taɓa ɗaukar kusan 7,000. Ƙidayar da masu bincike na jami'ar Imperial College ta Landan suka shirya a 2012 ta ba da fiye da 30,000 a Landan da kewaye.

Ka dubi waɗannan alƙaluma ka ga inda ramin yake. Daga 1983 zuwa yau muna da lissafi. Daga 1950 zuwa 1983, wato shekarun da tsuntsuwar ta kafa gindinta, abin da ke hannu bai taka kara ya karya ba. Kwamitin da ke bibiyar tsuntsayen da ba kasafai suke sheƙa a ƙasar ba ma sai daga 1996 ya fara tattara rahoton baƙin nau'o'in da mutum ya kawo. Shekarun da suka fi muhimmanci su ne aka fi yin shiru a cikinsu.

Tatsuniyoyi huɗu da taswirar 'yan sanda

Inda rubutu ya yi ƙaranci, baki kan yi yawa. Tambayi ɗan Landan daga ina tsirya ta zo, zai ba ka ɗaya daga cikin labarai huɗu. Wani zai ce daga wurin ɗaukar fim ɗin The African Queen ta tsere a 1951, wanda aka ɗauki wani sashensa a Isleworth da ke yammacin birnin. Wani zai ce mawaƙin nan ɗan Amurka Jimi Hendrix ne ya saki mace da namiji a titin Carnaby a ƙarshen shekarun 1960. Wani zai ce wani ɓangaren jirgin sama ne ya faɗo kan gidan tsuntsaye a lambun Syon ya fasa rufin. Wani kuma zai ɗora wa guguwar daren 15 ga Oktoban 1987, wadda ta kayar da itatuwa kusan miliyan 15 a kudancin Ingila.

Na guguwa ya faɗi tun kafin a taɓa shi, tunda shekara huɗu kafin ta auku tsirya ta riga ta shiga rajista. Iyakar abin da za ta iya yi shi ne ƙara wasu kan waɗanda ke waje. Na fim yana da giɓin shekara goma sha takwas tsakanin 1951 da 1969 da babu mai iya cikewa. Na mawaƙi kuwa, ko da ya faru, tsuntsu biyu ba za su haifar da garke a Margate da yammacin Landan a lokaci ɗaya ba.

A Disambar 2019 mujallar Journal of Zoology ta buga binciken da ya bi waɗannan labarai ɗaya bayan ɗaya. Jagoransa Steven Le Comber ne na jami'ar Queen Mary ta Landan, wanda ya rasu 'yan watanni kafin aikin ya fito. Dabarar da suka yi amfani da ita daga 'yan sanda aka aro ta. Wani jami'in ɗan sanda a Vancouver ta Kanada, Kim Rossmo, shi ya tsara lissafin da ake zuba wuraren da mai laifi ya yi ta'asa a taswira, a gano unguwar da ya fi yiwuwa yana kwana. Le Comber ya taɓa yin aiki da ita a Alƙahira, inda ya bi gidajen masu zazzaɓin cizon sauro har ya kai ga kududdufan da sauron ke ƙyanƙyasa. A nan kuma sai suka mai da kowane wurin da aka ga tsirya tamkar wurin laifi. Suka zuba rahotanni fiye da 5,000, tun daga na 1968. Taswirar ba ta nuna Isleworth ba, ba ta nuna Carnaby ba, ba ta nuna Syon ba. Abin da ta nuna shi ne tushe da yawa a warwatse, alamar an yi ta saki ana kuɓucewa, kaɗan-kaɗan, a wurare daban-daban, cikin shekaru masu yawa.

Sun kuma tono tsofaffin jaridu, suka ci karo da wani dalili da ya fi duk tatsuniyoyin kama hankali. A 1929 da 1930 an yi annobar zazzaɓin aku, cutar huhu da mutum ke ɗauka daga tsuntsu, wadda ta bazu daga Ajantina ta hanyar fataucin tsuntsaye. Ta kama mutum kusan 800 a ƙasashe da dama, fiye da 100 suka mutu. Birtaniya ta hana shigo da dangin aku a 1930, jaridu suka yi ta kururuwa, aka sake tayar da maganar a farkon shekarun 1950. Ka ɗauki matar da ke da tsuntsu a falo, ga yara a gida, ta karanta cewa numfashinsa na iya kisa. Ba za ta iya murɗe masa wuya ba. Buɗe taga ya fi sauƙi. Babu jaridar da za ta buga labarinta, babu kwamitin da za ta aika wa takarda, ita ma ba za ta so a sani ba.

Ina ganin binciken nan ya yi abin da za a iya yi, amma yana da iyaka da ya kamata a faɗa. Taswira ba ta aiki sai da abin da aka zuba mata. Rahotannin sun fara ne daga 1968, kuma na shekarun farko 'yan kaɗan ne. Ta iya rushe ƙarya, ba ta iya dawo da abin da ba a rubuta ba.

Akwai wata hujjar daga jinin tsuntsayen kansu, kuma ita ce ta shafe mu kai tsaye. Tsirya iri huɗu ce, biyu a Afirka, biyu a Asiya. Tamu ta fi ƙanƙanta, bakinta ya fi duhu. Ta Asiya ta fi girma, bakinta ja wur. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2015 ya nuna mafi yawan na Turai daga arewacin Indiya da Pakistan suka samo asali, duk da cewa an yi ta safarar na Afirka ma, musamman daga Senegal. Wato wadda Bahaushe ya gani a Hither Green 'yar'uwar tamu ce, ba ita ba ce. Dalilin da ake zato kuwa shi ne: wadda kakanninta suka saba da sanyin gindin duwatsun Himalaya ita ta iya jure hunturun Turai.

Abin da ya riƙe ta, da abin da ta jawo

Sanyi kaɗai aka yi ta dogara da shi. An ɗauka hunturu mai tsanani guda zai share ta, shi ya sa babu wanda ya damu. Amma birni ya fi ƙauye ɗumi, sannan Ingilishi na da al'adar rataya gyaɗa da 'ya'yan furen rana a lambun bayan gida don tsuntsaye, abinci ba ya yankewa ko ƙanƙara na zuba. Ga tsofaffin itatuwa masu kogo a manyan wuraren shaƙatawa irin su Richmond da Kew. Tsirya a kogo take sheƙa, kuma tana kama wuri da wuri, tun watan Janairu ko Fabrairu, kafin tsuntsayen ƙasar su fara neman nasu. Takan yi ƙwai uku ko huɗu, tana kuma da tsawon rai. Shaho na kama ta, mujiya ma haka, amma ba su kai su rage ta ba.

Game da ɓarna, gaskiya ita ce hujjar ta rabu. A Beljiyam, inda mai wani gidan namun daji a Brussels ya saki kusan 40 da gangan a 1974, bincike ya nuna tana ƙwace kogo daga wani ɗan tsuntsu mai sauko da kai ƙasa a jikin itace, wanda Ingilishi ke kira nuthatch. A Ingila binciken da aka buga a 2011 bai ga alamar ta rage yawansa ba. An dai tabbatar cewa in tana kan mazubin abinci, ƙananan tsuntsaye kan ja baya. Masu gonakin inabi da tufa a Surrey da Kent sun koka. Mafi munin labari daga Sifen ya fito. A lambun María Luisa na birnin Seville akwai wani jemage, mafi girma a Turai, da ke kwana a kogon itace. Tsakanin 2003 da 2017 sheƙun tsirya a lambun suka ninka sau ashirin, itatuwan da jemagen ke ciki suka ragu da kashi 81 cikin ɗari, kuma an ga tsirya da ido tana cizon jemagu har lahira. Wannan ya isa ya hana mutum cewa ai ado ce kawai.

Doka ta zo, amma ihu ne bayan hari. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta sakinta ko barinta ta kuɓuce. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen da aka kamo daga daji a Oktoban 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mai da hanin na dindindin a 2007. Daga Janairun 2010 aka ba mai gona a Ingila damar kashe ta in tana yi masa ɓarna ba tare da neman izini na musamman ba. Gangamin kawar da ita daga ƙasar kuwa ba a taɓa yi ba. Adadin ya wuce nan, kuma mutanen Landan da yawa suna sonta. Yara na miƙa mata tufa a lambun Kensington tana sauka a hannunsu. Ni ma ba na ganin laifin mai sonta, tsuntsuwa ce mai kyau da wayo, kuma ba ita ta kawo kanta ba.

Biyu da aka yi wa lissafi

Za a fi gane abin da aka rasa in an dubi wasu kuɓutattu biyu a ƙasar. Na farko wata jar agwagwa ce ta Arewacin Amurka da masanin tsuntsaye Peter Scott ya kawo wurin kiwonsa na Slimbridge a Ingila a 1948. 'Ya'yanta suka tsere kafin a datse musu fiffike, suka fara sheƙa a waje a 1960, suka kai kusan 6,000 a shekarar 2000. Sai aka gano suna ƙetarawa Sifen suna barbarar wata agwagwa mai farin kai da ta taɓa raguwa zuwa 22 kacal a ƙasar ta Sifen a 1977. A 2005 aka fara shirin kawar da ita, aka kashe fam miliyan uku da ɗoriya, aka sha zanga-zangar masu kare dabbobi, kafin a mai da ita 'yan tsiraru. An yi nasara, amma da tsada, domin an bari ta yi nisa.

Na biyu wata 'yar'uwar tsirya ce daga Kudancin Amurka, mai tokar ƙirji, wadda ke tara ƙirare ta gina ƙatuwar sheƙa har kan turakun wayar salula. Ita kam tun tana 'yar kaɗan masu kallon tsuntsaye suka bi ta da alƙalami, domin zamani ya sauya, an fara ɗaukar rukunin E da muhimmanci. An san tana Borehamwood, an san tana Isle of Dogs a gabashin Landan, an san duka-duka ba ta wuce 150 ba. Da ma'aikatar muhalli ta yanke shawarar ɗauke ta a 2011, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, aka kama wasu da rai, aka cire ƙwai. A Madrid, inda aka bar irinta ta yi yadda ta so, ta haura 10,000 kafin hukumar birnin ta tashi tsaye.

Ba ina cewa da an rubuta tsirya a 1965 da lallai an kashe ta ba, ko kuma ya kamata a kashe ta. Mai yiwuwa da an duba an ce a bar ta. Amma da shawara ce aka yanke da ido buɗe, lokacin da kowace hanya ke buɗe. Mutumin da ya ga koren tsuntsu a bayan gidansa a Croydon da ke kudancin Landan a wancan zamani, ya ɗaga kafaɗa ya ce na wani ne ya tsere, bai yi ƙarya ba. Layi ɗaya kawai ya rage masa: rana, unguwa, guda nawa, akwai zobe ko babu, da mai baƙin zare a wuya ko duk mata da yara ne. Wannan na ƙarshe ma kaɗai zai faɗi abu mai yawa, domin zaren wuyan namiji ba ya fitowa sai ya kai kimanin shekara uku.

A wajenmu aikin ya fara kankama. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda masu sa kai, ciki har da matasan arewa, ke shigar da abin da suka gani ta waya. Kasuwannin tsuntsaye kuma suna nan cike da keji, ana kawo na kurmi arewa, ana shigo da na wasu nahiyoyi birane. Wanda ya ga baƙon tsuntsu kan katanga a Kaduna ko Maraɗi yana tsaye ne daidai inda mutumin Croydon ya tsaya.

Ita kuwa tsirya ba a Landan kaɗai ta kafa gindinta ba. Ƙidayar 2015 ta sami fiye da 85,000 a ƙasashen Turai goma, daga Amsterdam da Cologne har Roma. A Birtaniya tana sheƙa a Birmingham da Manchester, kuma akwai garke da ke kwana a lambun Victoria na birnin Glasgow a Scotland, inda a tsakiyar Disamba rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma.